Wurin da Ruwan Ya Kwanta: Yawon Sallarmu a Bakin Tekun Akra

Shekara 19 ke nan Yaya tana aure a Nima, cikin birnin Akra, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara, amma ban taɓa taka ƙofar gidanta ba sai a ƙaramar Sallar 2024. Kullum ita ce mai zuwa Kano, da tsarabar atamfa da kwalaben shito, baƙin yajin nan nasu mai kifi. A wannan karon ta kafe a kan sai na kawo mata yaran sun yi Sallah da 'yan uwansu. Maigidana ya amince, ƙanina da ke kai kaya Kwatano ya ce zai raka mu har Akra. Azumi na da saura kwana 5 muka kama hanya, ni da Abba mai shekara 11, da Ummi mai 8, da Auta wanda bai cika 4 ba.

Daga Kano zuwa Legas tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, muka yi ta cikin dare yara na barci a jikina. Daga Legas kuma iyaka 3 ake ƙetarewa kafin Akra: Seme, sai Hilakonji, sai Aflawo. Ba zan tsaya a kan wahalar iyaka ba, duk wanda ya bi hanyar ya san ta.

A Lome muka ga teku sosai. Gaɓar Togo gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba, kuma a cikin birnin titi yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yashi, bishiyoyin kwakwa a jere, bayansu ruwa har inda ido ya gaji. Motar ta yi tsit. Ummi ta riƙe mini hannu. Abba kuwa ya manna goshinsa a gilashi ya ce, "Umma, ina ƙarshensa?" Yaron nan gwanin iyo ne a ma'aunin unguwarmu. Tun yana shekara 7 yake satar hanya zuwa kududdufi, na yi duka na yi faɗa har na haƙura, kuma in mun je Wudil wajen kakanninsa ba ya fita daga kogi sai an kora shi. Ina jin yadda yake kallon ruwan nan na Lome, kallon abokin da ya daɗe yana jira ne.

Nima ta karɓe mu hannu bibbiyu. Hausar can daban ce, ta sha yarukan Gana irin su Ga da Tuwi, da kuma Turanci, kuma ba ta cika damuwa da bambanta "ya" da "ta" ba, abin da ya ba Ummi dariya kwana biyu kafin ita ma ta fara. Da asuba koko da ƙosai, da yamma a sha ruwa da wake da shinkafa wanda suke kira wace, sunan da ka ji ka san daga bakin Bahaushe ya fito. Mun yi tarawi sau ɗaya a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin Turkawa mai ƙubbobi. Idi kuma a filin Black Star muka yi shi, filin da tekun ke bayansa, ana kabbara kana jin rugugin ruwa yana amsawa.

Kashegarin Sallah yaran zango bakin teku suke zuwa, kamar yadda namu ke zuwa kallon hawa ko gidan zu. Mu 14 muka shirya: manya 5, yara 9. Wuraren shaƙatawa da aka killace ana biyan kuɗin shiga kowane kai, kuma ranar Sallah kuɗin kan hau. Da muka lissafa kai 14, ga kuɗin mota, ga abinci, sai mijin Yaya ya ce akwai fili can gabas da birni, wajen Teshi, inda babu ƙofa babu mai karɓar kuɗi. Ba wanda ya yi musu. Ni ma ban tambayi abin da ya kamata in tambaya ba, wato ko akwai masu ceto a wurin. Ban ma san ana tambayar wannan ba. Na faɗi maganar kuɗin ne saboda nan abin ya fara, kuma na san ba mu kaɗai ba ne: mai yara da yawa da aljihu kaɗan, shi ne ke ƙarewa a gaɓar da babu mai tsaro.

Muka sauka daga toroto, wato motar hayar can, wajen ƙarfe 11. Jama'a kamar kasuwar Kwari ana jajibiri. Kiɗa daga ko'ina, masu tsire suna fifita gawayi, 'yan mata cikin ɗinkin Sallah suna ɗaukar hoto, samari suna zagayawa da dawakai suna ɗora yara a biya su. Can gefe manyan jiragen kamun kifi na katako a kan yashi, an yi musu fenti da rubuce-rubuce, igiyoyinsu a miƙe har cikin ruwa.

Ni na zaɓi wurin da muka shimfiɗa tabarma. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Na tsaya na dubi gaɓar daga dama zuwa hagu, ko'ina raƙuman ruwa suna tasowa suna fashewa da farin kumfa, da ƙara kamar ana sauke tifar dutse. Sai a wuri guda, faɗinsa bai fi tsawon babbar mota biyu ba, na ga ruwan ya kwanta. Babu kumfa, babu hauka, launinsa ya ɗan fi duhu, yana tafiya lumui. Na ce, "Yaya, mu zauna daidai can, ruwan wurin ya fi hankali." Ta ce to. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ko tafki haka zai zaɓa, don a wajenmu inda ruwa ke tafasa nan ne haɗari, inda ya natsu nan ake wanki, nan ake sa yara. Da ilimin gida na auna tekun mutane, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Ummi ce ta fara ɗanɗanawa. Tana tsaye a inda ruwa bai wuce idon sawunta ba, cikin doguwar riga da hijabi har gwiwa, ta juya wa teku baya tana yi mini murmushi in ɗauke ta hoto. Wani raƙumin ruwa da ya fi na gabansa ya zo ya buge ta a ƙafa, ta faɗi, kafin ta miƙe ruwan da ke komawa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashinta ya mirgina ta sau biyu. Hijabin ya jiƙe ya lulluɓe mata fuska. Ɗiyar Yaya babba ce ta cafko ta. Gwiwa da gwiwar hannu sun kuje, baki cike da yashi. Gaɓar wannan yanki tana da gangare, ba ta shimfiɗe a hankali ba, shi ya sa ruwan ke fashewa dab da busasshen yashi da dukkan ƙarfinsa, ya kuma koma da gudu. Da na ɗaga hijabin in matse shi na ji nauyinsa, sai gabana ya faɗi. Tufafin da muke suturta 'ya'yanmu mata da su, in sun sha ruwa, suna naɗe ƙafa suna rufe hanci. Ba cewa nake a tuɓe yarinya ba. Akwai wando da riga masu kama jiki kaɗan da ƙaramin ɗankwali da za a ɗaure tamau, sutura ta cika kuma ba abin da zai naɗe ta. Na cire mata hijabin na ɗaura mata ɗankwalina, na ce kada ta sake juya wa ruwa baya.

Da wannan ya isa ya sa in tattara yara. Amma an yi dariya, an ce ai teku ya yi mata barka da zuwa, aka buɗe kuloli.

Ina cin abinci ina kallon abin da ke gefenmu. Wasu yara sun haƙa rami a yashi, zurfinsa ya kai ƙirjin babbansu, sun sa ƙaramin ciki suna ƙoƙarin huda hanya ta ƙasa zuwa wani ramin. Iyayensu na nan kusa, hankali kwance, tunda yaran ba su cikin ruwa. Ni ma a lokacin haka na gani. Daga baya na san cewa yashi cikin ma'aunin mita 1 tsawo da faɗi da zurfi ya haura tan 1 da rabi, kuma bangon rami yana riƙe ne kawai muddin yana da danshi. Rana ta busar da shi, ko wani ya taka bakinsa, sai ya rufta, kuma in ana tono yana ƙara zubowa. Ramin da ya wuce gwiwar ƙaramin yaron da ke cikinsa ya yi zurfi. Sai kuma dawakan. Wani doki ya zo wucewa ta tsakiyar tabarmi, kiɗa ya razana shi ya yi baya-baya, wata jaririya na rarrafe ba nisa da kofatonsa. Uwarta ta fizge ta. Mu 'yan Kano mun san doki, mun san ba a bi ta bayansa, amma a hawan Sallah akwai dogarai masu buɗe hanya. Nan babu.

Auta ya ƙwalla ƙara wajen ƙarfe 1. Yashi ya yi zafi, na cire masa takalmi tun farko saboda yana cika da ƙasa, yana gudu daga tabarma zuwa wurin danshi sai ya taka fasasshiyar kwalba da yashi ya rufe. Tafin ƙafarsa ya tsage, jini ya ɓalle. Duk wanda ya ga gaɓar Akra ya san abin da ruwa ke dawowa da shi. Magudanar Nima kanta tana zubawa a kogin Odo, shi kuma ya bi ta tafkin Korle ya shiga teku, da ledar fiya wata da robobi da tsummokaran gwanjo, teku kuma ya amayo su a gaɓa. Ga kwalaben masu shaye-shaye, ga ƙugiyoyin kamun kifi, ga tsinken tsire, ga rushin da masu gashi ke turbuɗewa a yashi in sun tashi, wanda ke iya kwana da zafinsa. Ƙafar yaro ba takalmi a irin wannan wuri ganganci ne, kuma ni na yi shi.

Na ɗauke shi na danne wurin da gefen zanena. Yaya ta kawo ruwan leda muna wankewa. Mijinta ya sunkuya yana duba ko akwai sauran gilashi a ciki. Ƙanina ya tafi neman mai sayar da filasta. Maƙwabciyar Yaya tana rarrashi. Manya 5, hankalinmu duka a kan ƙafa ɗaya. Yara 8 a bayanmu, da teku.

Ban san minti nawa aka yi ba. Ummi ce ta ja mini riga ta ce, "Umma, Yaya Abba yana tafiya." Ba ta ce yana nutsewa ba, tafiya ta ce, kuma ita ce kalmar daidai. Na ɗago na gan shi a cikin wannan wuri mai kwanciya da na zaɓa, ya yi nisan da ban yi zaton yaro zai kai ba cikin ɗan lokacin nan. Yana fuskantarmu, yana iyo da dukkan ƙarfinsa zuwa gaɓa, hannu na shiga yana fita, amma yana ƙara ƙanƙancewa a idona. Sannan ya daina iyo. Kansa ya koma baya, baki na fitowa yana komawa, hannayensa na dukan saman ruwa a gefe da gefe kamar mai son hawa tsani.

Bai yi ihu ba. Wannan shi ne abin da na fi so duk uwar da ke karanta wannan ta riƙe. Ina zaton mai nutsewa yana kururuwa yana ɗaga hannu. Ba ya iyawa. Ɗan numfashin da ya samu bai isa magana ba, hannu kuma yana neman abin dafawa ne. Akwai mutane cikin ruwa ba nisa da shi, suna wasa, ba wanda ya juya. Masu ceto sun ce wannan hali ba ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 kafin mutum ya tafi ƙasa, yaro kuma ya fi saurin tafiya.

Na ajiye Auta na ruga. Ban iya iyo ba ko kaɗan, amma na shiga har gwiwa kafin mijin Yaya ya riƙe ni ta baya yana cewa, "Ki tsaya, za ki zama ta biyu!" Ina ta salati ina fizgewa. Wasu samari biyu daga wajen jiragen kamun kifi sun riga sun gani. Ɗaya ya ɗauki jarkar mai marar komai, irin ruwan ɗorawar nan, ya shiga ta daidai inda Abba ya bi, ruwan ya kai shi wurinsa kamar an tura shi. Bai kama yaron ba, jarkar ya miƙa masa. Da Abba ya rungume ta, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai: saurayin bai nufo mu ba. Gefe ya yi da shi, yana bin tsawon gaɓa, har suka shiga cikin farin kumfar nan da na guje wa, raƙuman ruwa suka turo su waje can nesa da tabarmarmu.

Abba na numfashi, yana tari, yana aman ruwan gishiri, leɓensa sun yi fari. Jama'a suka rufe mu. Wani na cewa a danna masa ciki ruwa ya fito, wani na cewa a ɗaga ƙafafunsa sama a zazzage shi. Saurayin da ya fito da shi ya hana, ya kwantar da shi a kan gefensa. A asibitin da muka je, ma'aikaciyar jinya ta ce ya yi daidai: danna ciki amai yake kawowa, aman ya koma huhu. Ta ce in an fito da yaro ba ya numfashi, abin da yake buƙata iska ce, a hura masa a baki a danna ƙirji, wani kuma ya kira 112, lambar gaggawa ta Gana. Ta ce kuma duk yaron da ya shaƙi ruwa har yana tari haka, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kawo shi a sa masa ido na wasu sa'o'i, don huhu kan nuna damuwarsa daga baya. Suka riƙe Abba har dare. Aka yi wa Auta ɗinki, aka tambaye ni katin rigakafinsa saboda tetanus. Katin yana Kano cikin durowa, sai da maigidana ya ɗauki hotonsa ya turo.

Da dare Yaya ta zauna kusa da ni ta ce, "Ki daina kuka, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma Allah ya kiyaye." Na ce haka ne, Yaya, na yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mu ba mu ɗaure komai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yawanmu. Da ni kaɗai ce da yarana 3, da ban ɗauke ido ba, don na san ba wani sai ni. Da muka zama 5, kowa ya jingina da ɗan uwansa, har ya zama ba mai kallo. Ga kuma ɗabi'armu ta cewa babba ya kula da ƙannensa. Ni da bakina na ce wa Abba, "Ka kula da su," wato na naɗa yaro ɗan shekara 11 mai gadin yara 7 a gaban tekun Atlantika, ba tare da na naɗa masa nasa mai gadin ba. Da na tambaye shi me ya kai shi, ya ce ƙwallon ɗan Yaya ce ruwa ya ja, ya ga wurin a kwance, ya ce taku 10 ne ya ɗauko.

Ranar Talata na ce sai na koma in yi godiya. Masuntan Ga ba su fita kamun kifi ranar Talata, al'ada ce tsohuwa a gaɓar Gana, rana ce ta hutun teku da gyaran taru. Muka same su zaune a inuwar jirage, zare da allura a hannu. Babban ɗan Yaya ya yi mana tafinta. Saurayin ya ƙi karɓar kuɗi sai da mahaifinsa ya sa baki, ya karɓi turmin atamfa don mahaifiyarsa. Dattijon, wanda na kira Baba, ya tambayi inda muka zauna ranar. Na nuna. Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya kama hannun Abba ya hau da mu kan wani tudun yashi, ya ce daga sama ake karanta ruwa.

Ya ce duk ruwan da raƙuma suka tulo a gaɓa dole ya koma, kuma ba ya komawa ta ko'ina daidai. A ƙarƙashi akwai tudun yashi da ya bi tsawon gaɓa, a kansa raƙuman ke fashewa su yi fari. Inda tudun ya tsage, nan duk ruwan ke taruwa ya fita da gudu, kamar kwata bayan ruwan sama. Wurin ya fi zurfi, shi ya sa ba ya kumfa, shi ya sa ya fi duhu. Ɗan Yaya ya rasa kalmar da zai fassara sunan abin, sai ya ce, "Anti, kamar ƙofa ce." Baba ya jefa ɓawon kwakwa a cikin farin kumfa, ya yi ta jujjuyawa ya dawo gaɓa. Ya jefa wani a ƙofar, muna kallo ya miƙe ya nufi tsakiyar teku bai waiwayo ba. Irin wannan ja kan kai gudun mita 2 da rabi a daƙiƙa guda in ya yi ƙarfi, abin da ko zakaran iyo na duniya ba ya iya yi. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma ƙarfinsa na mutuwa a bayan inda raƙuma ke fashewa. Gajiya da firgita ne ke kashewa. Baba ya ce wa Abba, in ya sake samun kansa a ciki, kada ya yi kokawa da shi: ya kwanta rigingine ya huta a kan ruwa, ya ɗaga hannu ɗaya, in yana da ƙarfi ya yi gefe har ya fita daga ƙofar. Ya ƙara da cewa ƙofar ba ta zama wuri ɗaya, yashi na tafiya, ta yau ba ita ce ta wata mai zuwa ba. Tana kuma yawan samuwa a gefen duwatsu da duk wani gini da ya shiga cikin ruwa.

Sai ya tambayi kwanan wata, ba na Turawa ba, na sama. Na yi mamaki, ashe su ma da wata suke lissafi kamar mu. Teku yana cika ya janye sau 2 a yini da kwana, tsakanin cika da cika sa'a 12 da kusan minti 25. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, rana da wata suna jeruwa, jansu ya haɗu, sai cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Na tsaya ina lissafi. Ƙaramar Sallah ranar 1 ga Shawwal ce, dab da tsayuwar wata. Babbar Sallah 10 ga Zulhajji, yawon Sallarta na gangarawa zuwa cikar wata. Wato kwanakin da yaranmu ke tururuwa bakin teku, su ne kwanakin da ruwan ke canja fuska fiye da kullum. Wurin da aka tsaya da safe ruwa iya gwiwa, bayan sa'o'i kaɗan wani wuri ne daban.

Na tambaye shi game da tif ɗin taya da na ga ana ba yara haya, don a raina na ce da Abba na da shi da bai wahala ba. Baba ya ce jarkar da ɗansa ya ɗauka kayan ceto ce a hannun wanda ya san ruwa, tif kuwa shi ke ba yaron da bai iya iyo ba ƙarfin halin zuwa inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Iska ko ƙofar ta ja shi, raƙumi ɗaya ya kifar da shi, tif ya yi gabas yaro ya yi yamma. Ya ce yawancin waɗanda suke fitarwa baƙi ne 'yan cikin ƙasa da suka zo ranar biki, kuma samari da yara maza sun fi yawa, musamman masu ɗan iya iyo.

Bayan na dawo gida, a watan Disambar 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta a kan nutsewa. Mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen ya ragu da kashi 68 cikin 100 a yankin Turai, a yankin Afirka kuwa da kashi 3 kacal. Na karanta wannan ina tuna kududdufin bayan gidanmu, da rijiyar da murfinta ya karye tun bara, da bahon wanki da nake bari cike a tsakar gida Auta na zagaya shi. Ƙaramin yaro ba ya buƙatar teku, ruwa iya tafin hannu ya ishe shi in ya kifa fuska. Na sa an gyara murfin rijiyar a makon.

Kafin mu bar Akra mun sake zuwa bakin teku sau ɗaya, don ban so tsoro ya zama shi ne tsarabar Abba. Wannan karon mun biya kuɗin shiga, muka rage yawanmu, muka tafi da sassafe kafin yashi ya yi zafi da kafin taro. Na nemi inda mai ceto yake zaune na tambaye shi inda za mu tsaya. Kowa da takalmin roba. Muka raba yara da suna, kowane babba da nasa, na karɓi wayar Yaya da tawa na sa a jaka. Auta, da bandejinsa cikin leda, bai yi nisan da hannuna ba zai kai gare shi ba. Abba ya daɗe a tsaye a busasshen yashi. Daga baya ya taka har ruwa ya taɓa masa gwiwa, yana fuskantar teku, kawunsa na gefensa.

A hanyar dawowa, muna ƙetare Aflawo muka sake hawa titin nan na Lome. Rana ta yi sanyi, mutane sun cika gaɓa, wata mata na shimfiɗa zane a ƙarƙashin kwakwa da yara 3 a bayanta. Abba yana jikin taga kamar ranar zuwa. Can sai ya taɓa ni, ya sa yatsa a gilashi, yana nuna wani ɗan tsagi mai duhu tsakanin farin kumfa biyu.

"Umma," ya ce, "ga ƙofa can."